'Ya'yan Karfasa

Har gobe ban manta da wata Asabar ta daminar 1985 ba, ranar da na tsaya a bakin kasuwar Gashua sanye da kakina, kwalba a hannun dama, gwangwani a hannun hagu, ina roƙon kada a rushe shagon da ni da kaina na shafa wa jan fenti. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kuna yawan tambayata abin da ya fi tsaya mini a rai a shekarun da na yi ina duba-gari. To wannan ne, kuma ba labarin bajintata ba ne.

Sunana Buba, kun sani. Abin da wasunku ba su sani ba shi ne a ruga aka haife ni, can wajen Kumagannam, inda ruwa sai na rijiya mai gaba ashirin. Mu a gidanmu ba a cin kifi. Kakata ko warinsa ta ji sai ta rufe hanci da gefen zane, ni ma haka na tashi. Da na gama makarantar koyon aikin tsafta aka tura ni Nguru, lokacin duk muna ƙarƙashin jihar Borno. Shugabannina na can suka ga na san shanu, sai suka ba ni mahauta. Shekara ɗaya da rabi ina duba huhu da hanta, ina buga hatimi a cinyar sa. Layin masu kifi kuwa, ga shi nan a cikin gari, amma kewaye shi nake yi.

A farkon daminar nan aka yi mini canji zuwa Gashua, aka ba ni layin shagunan bakin kasuwa. Zamanin soja ne, kuma maganar tsafta ta yi zafi. Ranar Asabar ɗin shara ba mai fita ko'ina sai hantsi ya dubi ludayi. Kowa yana ƙofar gidansa ko shagonsa da tsintsiya. Garin ma yana canzawa a idonmu. Farin da aka yi a shekarun baya ya janye kogi, masunta da yawa sun rataye koma, kowa ya samo langa-langa ya kafa ɗan shago a bakin hanya. Inda a da fili ne na ɗaure jakuna, sai ga masu shayi, masu facin keke, masu sabulu da ashana, har da mai sayar da kaset.

Bari in bayyana yadda aikin yake a lokacin, don ku gane inda na yi tuntuɓe. Duba-gari yana yawo da ludayi mai dogon hannu, da tocila, da littafin takardun gargaɗi. Duk ruwan da ya kwanta, na randa ko na duro ko na tsohuwar taya, sai ka tsoma ludayi ka ɗebo daga sama. In ka ga 'ya'yan sauro suna motsi, ka rubuta gargaɗi na kwana uku. In ka dawo ba a gyara ba, a da sammaci ake bayarwa a je gaban alƙali. Amma a shekarar nan kantoma ya kafa kwamitin tsafta, da wani kyaftin na soja a kansa, kuma shagon wucin gadi ba ya zuwa kotu. Ka shafa masa jan fenti, ka ɗebi ruwan a kwalba don shaida, ka miƙa sunansa ga kwamiti. Ranar Asabar tifa ta zo da leburori, kafin azahar wurin ya zama fili.

Shago na huɗu a layina na wani dattijo ne, Babade a ƙabila, sunansa Baba Adamu. Shekara talatin ya yi yana su, kogi ya ja baya, ƙarfi ma ya ja baya, sai ya sayar da komarsa ya kafa shago. Kwalekwalensa ne kawai ya ƙi sayarwa. Ya jawo shi ƙofar shagon, ya ɗora a kan duwatsu, ya yi masa rumfar zana, ya cika shi da ruwa, ya zama komin shayar da dabbobi. Makiyayan da suka kwana biyu a hanya, da masu jakunan da suka ɗauko tattasai daga fadama, duk nan suke tsayawa dabba ta sha kyauta. In sun tsaya kuwa sai su sayi sukari, ganyen shayi, kanwa, gishiri. Da wannan yake ciyar da gida mai mutum tara.

Gaskiya ɗaya ce, a duk layin babu ƙofar da ta kai tasa tsafta. Kashin dabbobin da suka sha ruwa ba ya yin rabin awa a ƙasa, ya kwashe ya tara a mangala a bayan shago, masu gonar tattasai su zo su ɗauka. Yakan yayyafa ruwa kafin ya yi shara don kada ƙura ta hau kayan maƙwabta. Na ga duk wannan. Amma ni sabon zuwa ne, ina so a san an kawo ma'aikaci, kuma a makaranta an koya mana cewa ruwan da ya kwana a buɗe abokin gaba ne.

Ranar Litinin na tsoma ludayi a kwalekwalen. Ƙarƙashin rumfar da duhu-duhu, katakon kuma baƙi ne. Na ɗago, sai ga ƙananan abubuwa uku ko huɗu kamar ƙwayar shinkafa suna wulƙawa. Ban ma kunna tocila ba. Na nuna masa na ce, "Mai shago, mene ne wannan?"

Ya leƙa ludayin a natse ya ce, "'Ya'yan karfasa ne, Malam."

Ku da kuke dariya, ku 'yan bakin kogi ne. Ni ban taɓa jin kalmar ba a rayuwata. A wurina duk abin da ke cikin ruwa sunansa kifi, kuma kifi abu ne babba, baƙi, naɗaɗɗe a cikin kwando, mai wari. Da na ji Hausar dattijon tana da gargadar Badanci, sai na yanke a raina cewa karfasa sunan sauro ne da yarensu. Har na ji daɗi da bai yi mini gardama ba. Na ce masa ashe ma ya sani. Ya ce ya sani mana, ai shi ya zuba su. Na ɗauka rainin hankali ne. Na rubuta gargaɗi na miƙa masa, na ce kwana uku, ya zubar da ruwan nan ya kife kwalekwalen. Ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallona, ya tambaye ni ko yanzu hukuma ta hana ajiye su ne. Na ce ta hana, kuma ta daɗe da hanawa.

Ranar Alhamis na dawo, ruwa yana nan yadda na bar shi. Wasu raƙuma biyu ma suna sha. Raina ya ɓaci. Na ɗebi shaida a kwalbar alewa mai faɗin baki, na ɗaure bakinta da ƙyalle, na buɗe gwangwanin fenti na zana babbar alama a ƙofar shagon. Baba Adamu yana tsaye yana kallo, bai roƙe ni ba, bai zage ni ba. Maƙwabcinsa mai shayi ne ya fara magana, dattijon ya ɗaga masa hannu ya yi shiru. Da yamma na rubuta rahoto na kai sakatariya da kaina, don shugabana ba ya gari.

Shugaban nan nawa shi ne Baba Bukar, babban jami'in tsafta, Babarbare mai tsagar fuska, wanda ya fara aikin tun zamanin En'e. Tun ranar da na zo bai taɓa kiran sunana ba, sai Fulata, wato Bafulatani da yarensu. Kun san tsakaninmu da Barebari, wasa ne na kaka da kakanni. Yakan ce ya saye ni da ƙwarya ɗaya ta nono, ni kuma in ce ai bawana ne da ya ɓata. A makon nan yana Jajimaji duba rijiyoyi, bai dawo ba sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Ya shigo ofis ya ce wushe, gaisuwarsu ta Barebari, ya cire hula, ya ɗauki kwafin rahotona yana karantawa a tsaye. Da ya zo wani layi sai ya nemi kujera. Layin kuwa na tuna shi kalma da kalma, don ni na rubuta: mai shago ya amsa da bakinsa cewa 'ya'yan karfasa ne, wato sauro da yarensu. Ya ce in miƙo kwalbar. Ya kai ta bakin taga, ya ɗaga ta a hasken rana, kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har sai da ya share hawaye da hannun riga.

"Fulata," in ji shi, "zo ka gaya mini tun yaushe sauro ya fara yin ido da jela."

Na duba. A hasken rana kowane ɗaya yana da idanu biyu baƙaƙe, yana tafiya a miƙe. Ɗan sauro kuwa lanƙwashewa yake yi, kuma yakan rataye a saman ruwa kai a ƙasa. Wannan na sani tun ajin farko. Sani ne ban yi amfani da shi ba.

Baba Bukar bai tsaya nan ba. Ya ja ni bayan ofis, inda wata tsohuwar tayar motarmu take kwance cike da ruwan sama, abin kunya a ofishin duba-gari. Ya ɗebo 'ya'yan sauro na gaskiya ya zuba kaɗan a kwalbar. Kafin ya gama tauna goronsa babu ko ɗaya. Ya bayyana mini cewa tsohuwar dabarar mutanen kogi ce. Sukan kamo ƙananan karfasa a bakin fadama su zuba a ruwan da ba a iya rufewa, su cinye duk abin da sauro ya haifa. In sun yi girma a mayar da su kogi a kamo wasu. Ya ce a duk layin nan, ruwan da ya tabbata babu sauro a ciki shi ne wanda na shafa wa fenti.

Dariyar ta ƙare a nan, don ya tambaye ni ina asalin rahoton. Na ce yana sakatariya tun jiya. Ya dubi agogo. An tashi daga aiki, kantoma ya tafi Maiduguri, takardar sunaye kuma tana hannun kyaftin. Gobe da safe tifa za ta fito.

Ya zaunar da ni ya gaya mini gaskiya ba ɓoye-ɓoye. A dokar kwamiti, wanda ya sa hannu shi kaɗai ke iya janye alama. Kuma a zamanin nan, duk ma'aikacin da ya shafa fenti ranar Alhamis ya zo janyewa ranar Asabar, abin da za a fara zato shi ne an cika masa aljihu, kuma kora ce ba tare da an saurare shi ba. In na yi shiru, ba wanda zai taɓa sani, shago ɗaya ne cikin da yawa. Ya ce shi ba zai tilasta mini ba, amma in na je zai tsaya a bayana. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Ni ne na farko a rugarmu da ya taɓa sa kakin gwamnati. Sai dai duk lokacin da na rufe ido, hannaye biyun nan nake gani suna karɓar takardata.

Da safe na ɗebi 'ya'yan sauro a gwangwanin madara, na ɗauki kwalbata, muka tafi. Layin ya cika da ƙarar tsintsiya. Mata suna kwashe shara a ƙofar gidaje, masu shaguna sun shiga lambatu da shebur suna fito da yashi. Tifa ta riga mu isowa, leburori sun gama da wata rumfar mai faci da aka kafa a kan kwata, suna matsowa.

Baba Adamu ya riga ya fito da kayansa duka ya jera a kan tabarma: sukari a gefe, sabulu a gefe, ashana a cikin leda don kada ta jiƙe. Ya share ƙofar shagon tas, shagon da za a rushe nan da ɗan lokaci. Shi kuma yana durƙushe a gindin kwalekwalen da ƙwarya, yana kamo 'yan kifayen ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a tulu, don ya mayar da su kogi kafin a kife ruwan.

Na je gaban kyaftin na ƙame. Na ce, ranka ya daɗe, shago na huɗu kuskure ne, kuma ni na yi shi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi nawa aka ba ni. Na ce ba a ba ni komai ba, in ya yarda zan nuna masa. Baba Bukar ya matso ya tsaya daf da kafaɗata. Kyaftin ya dubi furfurarsa, ya ce minti biyar.

Na ajiye kwalbar a kan bencin mai shayi, na juye gwangwanin a ciki. Mutane suka kewaye mu. Kifayen nan da suka yi mini aiki jiya suka taru a gindin kwalba suka ƙi motsi. 'Ya'yan sauro suna ta rawarsu a sama. Minti ɗaya, minti biyu. Kyaftin ya fara buga sandarsa a takalmi.

Sai ga Baba Adamu ya taso yana goge hannu a riga. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba sa ci in inuwar mutum tana kansu. A ɗan ja baya."

Ban taɓa ganin farar hula ya ce wa soja ya ja baya ba a shekarar nan. Amma yadda ya faɗe ta, kamar mai gaya maka lokacin salla, sai kyaftin ya ja da baya taku uku, mu ma duka muka ja. Dattijon ya mayar da kwalbar ƙarƙashin rumfa. Can sai kifi ɗaya ya taso ya cafke ɗan sauro, wani ya bi, kafin a jima ruwan ya zama fes.

Kyaftin ya karɓi ludayina da kansa. Ya tsoma a kwalekwalen sau uku, a wurare uku, bai sami ɗan sauro ko ɗaya ba. Ya juyo ya tambaye ni yadda aka yi duba-gari bai san kifi ba. Na gaya masa inda aka haife ni, da abin da na ɗauka karfasa take nufi. Layin nan gaba ɗaya ya fashe da dariya, har leburori suka dafa shebur. Baba Bukar ya ce a yi mini afuwa, ni bawansa ne, bai gama horar da ni ba. Shi ma kyaftin sai da ya juya baya ya gyara hula.

Da ya juyo fuskarsa ta koma yadda take. Ya tambayi Baba Adamu ko ma'aikacin nan ya taɓa neman wani abu a wurinsa. Dattijon ya ce ko ruwan randarsa ban taɓa sha ba. Kyaftin ya sake tambayarsa ko yana da ƙara a kaina, don in yana da ita yau zan tuɓe kaki. Ni kam na san abin da na cancanta.

Baba Adamu ya ce, "Ba ni da ƙara. Jiya bai sani ba, yau ya sani, kuma da ƙafarsa ya zo. In kun kore shi, za ku kawo mini wani wanda bai sani ba."

Kyaftin ya zaro biro ya soke sunan. Hukuncina shi ne takardar tuhuma a fayil, kuma in goge fentin da hannuna kafin tifa ta dawo ta layin.

Na sayi kananzir na samo tsumma na durƙusa. Fenti ya kwana biyu a langa-langa, ba ya fita da sauƙi. Dattijon ya mayar da kifayensa cikin kwalekwalen, sannan ya zo ya riƙe mini kwalbar kananzir yana ɗiga mini. Na ce, Baba, ka yafe mini. Wannan ne karo na farko da na kira shi Baba. Ya ce ya yafe tun ranar Alhamis.

Akwai abin da ya tsaya mini, na tambaye shi. Na ba shi kwana uku. Da ya zubar da ruwan ranar Litinin, da ba wanda ya taɓa shagonsa, kuma ya san bakin mutum tara yana kan shagon nan. Me ya hana shi?

Ya ce ya yi tunanin haka, har ya kama gefen kwalekwalen ranar Talata. Sai ga wani makiyayi ya iso daga arewa da tumaki, harshensu a waje, sun nufo rumfar da gudu don sun san wurin.

"Shago nawa ne, zan iya barin sa," in ji shi. "Ruwan kuwa na riga na bayar tuntuni. Yaya zan zubar da abin da ba nawa ba?"

Na ci gaba da goge fenti.

Shekara ashirin da takwas na ƙara a aikin nan bayan ranar, kuma abin da na koya shi nake gaya muku. Mutanen da muke dubawa ba jiranmu suke yi mu koya musu tsafta ba. Da yawansu sun daɗe suna yin ta da dabarun da babu su a littafinmu. In mutum ya faɗa maka kalmar da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, kakinka ba zai yage ba. Ni kunyar yin tambaya ɗaya ce ta sa dattijo ya fitar da abincin mutum tara ya shimfiɗa a kan tabarma a bakin hanya. Tun daga ranar, ban sake buɗe gwangwanin fenti a ƙofar kowa ba sai na zauna a bencinsa na ji ta bakinsa.